Garry Cook, daga Man City zuwa UFC zuwa Birmingham: da wane ma'auni za mu auna mutumin nan?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i muka kaure da gardama da ƙannena a kan wa ya gina Manchester City ta yau. Ɗaya ya kafe a kan Guardiola, ɗayan ya ce kuɗin Sheikh Mansour, mai kulob ɗin, ne kawai. Da na ambaci Garry Cook sai suka tsaya suna kallona, ko sunan ba su taɓa ji ba. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na kawo shi nan.

Haifaffen Birmingham ne. Ba a fili ya yi suna ba, a kasuwar kayan wasanni ya yi. Ya tafi Amurka, ya shiga kamfanin Nike, ya yi ta hawa har ya shugabanci sashen Jordan, wato takalma da rigunan da ke ɗauke da sunan Michael Jordan na ƙwallon kwando. A 2008 ya bar wannan kujera ya dawo Ingila ya karɓi gudanar da City. Lokacin kulob ɗin yana hannun Thaksin Shinawatra, tsohon firaministan Tailan da sojoji suka hamɓarar a 2006, kuma an riƙe masa dukiyarsa a gida. Ku duba fa, gidan da ya shiga mai gidan ba ya iya taɓa kuɗinsa. Bai cika wata huɗu ba aka sayar wa mutanen Abu Dhabi, ranar 1 ga Satumba 2008, kuma a daren nan aka ɗauko Robinho daga Real Madrid a kan fam miliyan 32.5.

A zamaninsa Kompany da Zabaleta suka zo, sannan Tevez, Adebayor, Kolo Toure, Yaya Toure, David Silva, Balotelli, Dzeko, har Aguero. A 2011 City ta ci kofin FA, Yaya ya zura wa Stoke ƙwallo ɗaya tilo, kofi na farko tun 1976. Daga nan ya koma UFC, kamfanin da ke shirya faɗan keji, ya taɓa gasar ƙwallon Saudiyya, ya ƙare a Birmingham City. Ni a ganina shi ya haƙa harsashin ginin da ake yaba wa wasu yau. Me kuka gani?

Malam Bala Mai Gidan Kallo:
Wa alaikumus salam. Abban Sadik, na san sunan sarai, don a lokacin nake da shekara uku da buɗe gidan kallo. Abin da na fi tuna shi da shi, bakinsa. A Janairun 2009 ya tafi Italiya zai sayo Kaka daga AC Milan a kan kuɗin da aka ce ya kusa fam miliyan 100. Ciniki ya watse, ya dawo ya shaida wa 'yan jarida cewa Milan ce ta tsorata ta janye. Makonni ana maimaita maganar. Wani lokacin kuma a wajen bikin karrama Uwe Rosler, tsohon ɗan wasan City, bakinsa ya suɓuce ya ce Manchester United a madadin City, a gaban magoya bayan City ɗin, suka yi masa ihu.

Ban ce bai yi aiki ba. Amma wanda aka ba wa buhun kuɗi irin wannan, ko wane ne zai sayo 'yan wasa.

Abban Sadik:
Malam, da girmanka, nan ne ban yarda ba. Kuɗi kaɗai ba ya saye. A 2009 wane babban ɗan wasa ne zai bar Milan ko Barcelona ya zo kulob ɗin da ya ƙare na goma a Firimiya? Sai an samu mai zama da wakilin ɗan wasa da iyayensa ya gamsar da su cewa abin da ba su gani ba tukuna yana tafe. Kaka ya ƙi, gaskiya ne. Amma tayin nan shi ya sanar da duniya cewa ba wasa ake ba. Bayan shekara ɗaya da rabi Yaya ya baro Barcelona, Silva ya baro Valencia. Allon tallan nan da aka kafa a tsakiyar gari da hoton Tevez ana yi masa maraba da zuwa Manchester bayan ya baro United, wanda ya harzuƙa kocinsu Ferguson, aikin ofishinsa ne. Irin tunanin Nike ne tsantsa: ka sa mutane su yi ta zancenka tun kafin ka ci komai.

Sani Ɗan Tela:
Yaya Abba, tunanin Nike ɗin ne ma matsalata da shi. Ka tuna abin da ya faɗa a kan Richard Dunne? Kyaftin ɗin kulob, mutumin da magoya baya suka zaɓa gwarzonsu shekara huɗu a jere, amma Cook ya ce sunansa ba ya shiga bakin mutanen Beijing, wato ba zai sayar da riga a Chaina ba. A 2009 aka sallama shi ga Aston Villa. Sannan koci Mark Hughes: an kore shi a Disambar 2009 a ranar da ya ci Sunderland 4-3, wasa biyu kacal aka doke shi a gasar a wannan kakar. Da aka gabatar da Mancini a matsayin sabon koci sai ta fito fili cewa an riga an gana da shi tun Hughes yana kan aiki. Mutumin da ya saba sayar da takalmi, in ya kalli ɗan Adam ma haja yake gani.

Abban Sadik:
Sani, Hughes ya yi canjaras bakwai a jere da tawagar da aka kashe wa wannan kuɗin. Kuma Mancini ya kawo kofin FA, ya kawo Firimiya. Ba a yi kuskure a sauyin ba.

Sani Ɗan Tela:
Sauyin daban, yadda aka yi shi daban, Yaya.

Maman Nusaiba:
Salamu alaikum. Ban cika sa baki a zancen ƙwallo ba, karatu kawai nake yi, amma yau ba zan iya shiru ba. Abban Sadik, ka ce "daga nan ya koma UFC" kamar canjin aiki ya yi don ra'ayinsa. Ka tsallake dalilin barinsa City, kuma dalilin ya shafi ɗanmu.

Nedum Onuoha a Warri aka haife shi, a makarantar horon City ya taso tun yana yaro. Mahaifiyarsa, likitar ilimi ce, ita ke tsaya masa a maganar kwantiragi, kuma tana fama da ciwon daji. Ta rubuta wa shugabannin kulob ɗin imel a kan makomar ɗanta, ta ambaci ciwon da take ciki. Amsar da ta dawo mata daga akwatin Cook ba ita aka nufa da ita ba, Brian Marwood, wani babban jami'in kulob ɗin, aka so a tura wa, kuma izgili ne a kan ciwon nata. Da magana ta fito a jarida a Satumbar 2011, sai ya ce kutse aka yi masa. Kulob ɗin ya bincika, ya gano ƙorafin matar yana da tushe, ranar 9 ga wata Cook ya ajiye aiki. Khaldoon Al Mubarak, shugaban kulob ɗin, da kansa ya ba ta haƙuri.

Ni na yi jinyar mahaifiyata wata goma sha ɗaya da wannan ciwon, Allah ya jiƙanta. Na san yadda mai shi yake tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa don ya gyara wa 'ya'yansa zama kafin ya tafi. Matar nan abin da take yi ke nan. A wurin aikina na lokacin, da na nemi hutu, wani babba ya ce min ai kowa yana da uwa. Shekara tara ke nan, har yau kalmar tana kunnena. To ina ga wadda ita ce marar lafiyar, ta buɗe imel ta karanta da idonta?

Malam Bala Mai Gidan Kallo:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa jinya ta zama kaffara.

Sani Ɗan Tela:
Amin. Allah ya ƙara haƙuri, Anti.

Abban Sadik:
Allah ya gafarta mata, Maman Nusaiba. Kin yi gaskiya, na san labarin kuma na tsallake shi, bai kamata ba. Ba ni da abin karewa a nan. Abin da ya fi imel ɗin muni ma shi ne cewa kutse ne, don da an yarda da hakan, wani ƙaramin ma'aikaci za a nema a ɗora wa. Abin da kawai zan ƙara, ya amsa kuskurensa a ƙarshe kuma ya rasa kujerar da ya fi so, wata takwas kafin City ta ɗauki Firimiya.

Maman Nusaiba:
Ya amsa bayan bincike ya kama shi. Ban ce kada a yafe masa ba, yafiya tana hannun waɗanda aka yi wa. Amma in za a ba da tarihinsa, a ba da shi da wannan a ciki.

Autan Mama:
Iyayena da yayyena, a ba ni dama in shigo da ɓangaren faɗan keji, don nan ne na fi sani. Cook ya shiga UFC a Satumbar 2012 a matsayin mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Wanda bai bi wasan a lokacin ba ba zai gane wahalar aikin ba. A Faransa haramun ne a shirya irin wannan faɗa, sai a 2020 aka halatta. A Jamus an hana nuna shi a talabijin tun 2010, UFC ta daina zuwa ƙasar. Jaridu da yawa a Turai ba sa ɗaukarsa wasa, dabbanci suke kiransa. Aikin mai wannan kujera shi ne yawon ofisoshi: hukumomin wasanni, masu gidajen talabijin, masu manyan ɗakunan taro, likitocin da za su sa hannu.

Ku ga abin da ya biyo baya. A 2013 aka ƙulla da gidan talabijin na BT Sport a Birtaniya. A 2014 UFC ta koma Jamus, aka yi a Berlin, aka yi a Abu Dhabi, sannan a watan Yuli aka yi daren Dublin da Conor McGregor ya gama da Diego Brandao a turmin farko a gaban mutanen garinsu. McGregor ɗin ma faɗansa na farko a UFC a Stockholm ya yi, Afrilun 2013, cikin yankin Cook. A Janairun 2015 aka tara kusan mutum 30,000 a filin Tele2 na Stockholm don Gustafsson da Anthony Johnson. A shekarar aka shiga Poland da Scotland karon farko. Tsarin shi ne a nemo ɗan gari mai farin jini a gina dare a kansa. Bayan kamar shekara biyu aka ɗaga shi, ya koma Las Vegas yana kula da sunan kamfanin a duniya baki ɗaya.

Wannan duk na ba shi. Amma akwai biyu da ban ba shi ba.

Malam Bala Mai Gidan Kallo:
Muna jin ka, Auta.

Autan Mama:
Na ɗaya, Afirka tana cikin sunan muƙaminsa, amma ko dare ɗaya ba a shirya a nahiyar ba har ya tafi. Kamaru Usman, ɗan Auchi, ya shigo UFC a 2015, Francis Ngannou na Kamaru shi ma a ƙarshen 2015, Adesanya a 2018. Dukkansu sun riƙe kambu, kuma babu wanda ya kare nasa a gida.

Na biyu shi ne Reebok, kamfanin kayan wasanni, kuma wannan ya fi ci min rai. Kafin Yulin 2015, ɗan faɗa yana da 'yancin sayar da wandonsa: kamfanin abin sha, shagon mota, gidan motsa jiki, kowa ya biya shi a manna sunansa. Wasu abin da suke samu a nan ya fi kuɗin faɗan kansa. Sai UFC ta ƙulla da Reebok na shekara shida, aka ce kimanin dala miliyan 70, aka hana duk wani talla, kowa ya sa kaya iri ɗaya. Sabon shiga mai faɗa 1 zuwa 5 dala 2,500 ake ba shi, mai kambu dala 40,000. Ranar ƙaddamarwa ma an rubuta sunan Gilbert Melendez ba daidai ba a rigarsa. Stitch Duran, dattijon da ke kula da raunin 'yan faɗa tsakanin turmi, ya fito ya ce su ma an toshe musu hanyar abinci, cikin kwanaki aka sallame shi. Cook ke riƙe da kujerar sunan kamfani a wannan lokacin.

Malam Bala, kai da kake zuwa gidan dambe, ka ɗauka mai gida ya ce daga yau ba liƙi, ba kari, duk wanda zai yi wa ɗan dambe kyauta ya kawo ofis, shi zai yanka wa kowa abin da ya ga dama. Haka aka yi musu.

Malam Bala Mai Gidan Kallo:
Kai! Da an yi haka a Dei-Dei ko a Kano, washegari ba za ka ga mai ɗaure hannu ba. Ɗan dambe in gidan nan bai yi masa ba, gobe yana wani gari. Su waɗannan ba su da inda za su ne?

Autan Mama:
Nan ne gizo yake saƙar, Malam. Kwantiragi ya ɗaure su, kuma UFC ta riga ta saye manyan abokan hamayyarta irin su Pride da Strikeforce. Shi ya sa tun Disambar 2014 wasu tsofaffin 'yan faɗa, ciki har da Cung Le, suka kai ƙara, aka shafe shekara goma, daga ƙarshe aka sasanta a kan dala miliyan 375. Ngannou kuwa ajiye kambun ya yi a Janairun 2023 ya tafi.

Abban Sadik:
Auta, a yi adalci. Dana White da 'yan gidan Fertitta ne masu kamfani a lokacin, su ke yanke albashi. Cook ma'aikaci ne. Kuma kayan bai-ɗaya suna cikin abin da ya sa manyan kamfanoni suka daina ƙyamar wasan. Fertitta sun sayi UFC dala miliyan 2 a 2001, suka sayar kimanin dala biliyan 4 a Yulin 2016.

Autan Mama:
Haka ne Yaya. Kuma bayan cinikin da wata uku sababbin masu gida, WME-IMG, suka rage ma'aikata, Cook yana cikin waɗanda aka sallama. Ya gyara haja, an sayar, an ce ya kama gabansa. 'Yan faɗan da aka kwashe wa talla kuwa ko sisi ba su gani ba daga biliyan huɗun.

Kawu Sule:
Salamu alaikum yarana. Sai yanzu na tashi daga aiki na ga zancen ya zo ƙofar gidana. Shekarata 19 a Birmingham, kuma ina da maƙwabta da abokan aiki da ba sa fashin zuwa St Andrew's, filin wasan Birmingham City.

Lokacin da kamfanin Knighthead na Tom Wagner ya karɓi kulob ɗin a Yulin 2023 aka kawo Cook, bayan 'yan watannin da ya yi a gasar Saudiyya, mutane sun yi murna ta gaske. Ɗan gari ne, tun yana yaro kulob ɗin yake goya wa baya. Kafin zuwansu filin ma wasu sassansa a rufe suke saboda lalacewa, ga cire maki da aka sha yi musu. Aka gyara fili, Tom Brady, tsohon tauraron ƙwallon Amurka, ya shigo da hannun jari, gari ya ɗauka.

Sai Oktoba. Koci John Eustace ya ci Huddersfield 4-1, ya ci West Brom 3-1, kulob yana na shida a Championship, wato rukuni na biyu, aka sallame shi aka kawo Wayne Rooney. Dalilin da aka bayar, ana son ƙwallo marar tsoro. Wani dattijo da muke aiki tare ya riƙe kai ya ce mini sun taɓa ganin wannan: a Disambar 2016 an kori Gary Rowett suna sama, aka kawo Zola don suna, ya ci wasa 2 cikin 24. Rooney ya yi wasa 15, ya ci 2, aka doke shi 9, ya bar su na ashirin, ranar 2 ga Janairu 2024 aka sallame shi. Tony Mowbray ya fara tayar da su, rashin lafiya ta ɗauke shi a Fabrairu. Ranar ƙarshe suka ci Norwich 1-0, suka tashi da maki 50, duk da haka suka faɗa rukuni na uku, karon farko cikin shekara 29. Na ga manya suna hawaye a tashar bas ran nan.

Sani ya kawo zancen Dunne da Beijing. Tunanin nan ne ya sake dawowa bayan shekara 15: sunan Eustace ba ya sayar da riga, na Rooney yana sayarwa.

Sani Ɗan Tela:
Kawu ka gama magana.

Kawu Sule:
Ban gama ba, ɗana. Don in na tsaya nan na zalunce shi. A zamaninsa aka sayi fili mai eka 48 a gabashin gari don sabon filin wasa, aka kawo Chris Davies koci, aka riƙe Jay Stansfield da kuɗin da ba a taɓa biya ba a wannan rukunin. Cook ya sauka a Janairun 2025, kulob yana kan hanyar hawa, suka ƙare kakar da maki 111, ba a taɓa tara haka ba. Kun lura? A City ya tafi kafin kofin Firimiya, a nan ma ya tafi kafin kofi. In ka tambayi mutanen unguwarmu, wani zai ce shi ya jefa su rami, wani zai ce shi ya dawo musu da mutunci a ofis, kuma duk biyun ba ƙarya suke ba.

Abban Sadik:
Na gode Kawu. Dalilin da ya sa nake bin tarihin irin waɗannan mutane, ina riƙe da ƙaramin kulob na yara 'yan ƙasa da 17 a unguwarmu, yara 26. Kullum tunanina yadda zan samo mai saya mana riga da ƙwallaye, kuma daga Cook na koyi cewa sai ka sa an san da kai kafin a ba ka. Amma yau Maman Nusaiba ta sa na tuna iyaye mata nawa ne suke kirana a kan 'ya'yansu ina amsa musu a gaggauce don ina sauri. Akwai wadda ta kira ni sau biyu makon jiya a kan an ajiye ɗanta a benci, ban mayar mata ba. Da na idar da la'asar zan je gidan.

Maman Nusaiba:
Ka je da yaron a zuciyarka, ba da uzuri ba. Allah ya taimake ka a kan yaran nan.

Malam Bala Mai Gidan Kallo:
Amin. Zancen nan ya dawo min da ranar 13 ga Mayu 2012. Gidan kallona ya cika har bakin titi, na kunna talabijin biyu, ɗaya United a Sunderland, ɗaya City da QPR. Kowa yana tuna Aguero a minti na 94, benci biyu aka karya min ran nan. Amma ku koma ku duba waɗanda ke ɗaya ɓangaren. Kocin QPR Mark Hughes ne. Wanda Aguero ya kauce wa kafin ya buga, Taye Taiwo ne namu. Nedum Onuoha kuma yana cikin 'yan bayan QPR, a Janairun shekarar ya baro City, filin da ya taso a cikinsa, kuma a kansa Dzeko ya tashi ya farke ta biyu. Cook ba ya kan kujera, amma duk wanda ya ci wa City ƙwallo ran nan, Zabaleta da Dzeko da Aguero, a zamaninsa aka sayo shi.

Autan Mama:
Malam, ban taɓa lura Onuoha yana cikin wasan nan ba. Bari in nemo bidiyon in sake kallo.